Inna da Ɗakin da Ta Ɓoye

Ranar Alhamis, tara ga watan Agusta, da hantsi, Ubangiji ya kira Innata zuwa wurinsa. Ƙanwar mahaifiyarmu ce, ita ta riƙe mu, ni da ƙanwata Auta, tun daga ranar da aka binne uwarmu. Ta cika a asibiti bayan doguwar jinyar ƙirji. A unguwa Mai Guga ake kiranta. A coci kuma, matar nan da ke zama a bencin baya, wadda ɗankwalinta ba ya taɓa yamutsewa.

A wurin jana'iza an ce wani daga cikin iyali ya tashi ya faɗi wani abu a kanta. Aka juyo ana kallona, ni kuwa na sunkuyar da kai har aka wuce. Duk wanda ya san ni ya san haka nake, ko a aji malami ya kira sunana sai gabana ya faɗi. Abin da bakina ya kasa ran nan shi nake rubutawa yau. Inna, da ke nake magana, sauran jama'a su saurara in sun ga dama.

Lokacin da muka zama marayu, ke kanki ba ki da komai sai dutsen guga da ɗaki guda, ɗakin ma ba naki ba. Na tuna Kawu yana cewa a raba mu, shi ya ɗauki ɗaya, wani ya ɗauki ɗaya, don nauyin ya yi sauƙi. Kika goya Auta, kika kama hannuna, kika ce, "Yaya, ba a raba allura da zare." Kika wuce da mu.

Ɗakin yana bayan shagon wanki da guga inda kike aiki. Ƙa'idar mai shagon ita ce duk wanda yake guga shi ke kwana a nan, yana gadin kayan mutane. Bango ɗaya ya raba ɗakin da kwamin da ake wanki a ciki, saboda haka bangon bai taɓa bushewa ba. Gumi yake yi rani da damina. Fentin ya kumbura ya ɓare, baƙar funfuna ta hau shi daga ƙasa har tsayin kafaɗata. Kowace safiya sai mun ɗaga katifa mun fitar da ita ta sha iska. Littattafan makarantarmu a leda muke ƙulle su mu rataye a ƙusa. Wurin kwanan da ke jikin bangon nan, nan kika zaɓa wa kanki, kika tura mu can wajen ƙofa. In mun yi magana sai ki ce ke mai jin zafi ce, sanyin bangon daɗi yake miki. Na daɗe ina zaton gaskiya kike faɗa.

Hannunki kuwa, Inna, a buɗe yake kamar ba ki san rashi ba. 'Ya'yan maƙwabciyarmu mai sayar da ruwan sanyi ba su taɓa zuwa makaranta da yamutsattsen kaya ba, kuma uwarsu ba ta taɓa biyan ki ba. Akwai wani saurayi da ya zo da riga ɗaya tilo, za shi neman aiki washegari, wuyan rigar duk ya cinye. Kika warware wuyan, kika juya shi ciki ya koma waje, kika ɗinke, kika goge har tana ɗaukar ido. Da ya zo karɓa ya yi ta jujjuya ta, yana cewa ba tasa ba ce. Kika ce, "Taka ce, ɗana. Wanka ta yi." Rigunan mawaƙan coci ke kike wanke su ki goge, ba wanda ya ɗora miki. Wata rana kin tsinci zoben aure a aljihun wandon wani, kika rufe shago da tsakar rana kika bi shi har wurin aikinsa, wai kada matarsa ta riga ki lura.

Amma abin da na fi saninki da shi addu'ar gida ce. Kafin ki zuba gawayi a dutsen guga, sai kin shimfiɗa kwali a ƙasa saboda danshi, ki durƙusa, mu ma mu durƙusa. Kullum da kalma ɗaya kike farawa: "Uba, ka san inda muke kwana. Ba don ka manta nake faɗa ba." Sai ki roƙi ɗaki busasshe, mai taga, wanda ba wanda zai ce mana ku tashi. Sai ki yi godiya kamar an riga an miƙo miki mabuɗi, ki rufe da sunan Yesu, ki miƙe ki hura wuta.

In an kawo wankin labule, ranar akwai kallo. Sai ki ware shi, ki auna da kamun hannu, ki ce, "Kai, wannan tagar ta kai ƙofar gareji. Uba, ni ba sai irin wannan ba. Rabinta ma ya ishe mu." Auta ta yi ta dariya. Ni kuma in lallaɓa in shafa yadin, ina ƙiyasta falon da ya fito, da kujerunsa, da matar da ke zaune a ciki ba ta jin warin danshi a jikinta.

Kin san halina da littattafan soyayya. Na ƙawaye nake ara, in ɓuya bayan tulin zannuwan gado in yi ta karatu. A cikinsu kullum akwai saurayin da zai rufe wa budurwa ido da tafin hannu, ya kai ta bakin wani ƙaton gida, ya ce buɗe ki gani, naki ne. Ba ki taɓa hana ni ba, sai dai tsokana.

"'Yar littafi, yau kuma wane ne ya gina mana gida?"

"Inna, ki bari mana."

"In ya zo ki ce masa ya fara da bangon nan. Soyayyar ta biyo baya."

Kowa da mafarkinsa a ɗakin nan. Nawa a takarda yake, naki a gwiwa. Na ɗauka naki ya fi nawa ƙarfi, har yau ma haka na ɗauka, sai dai akwai abin da ke ci mini rai, kuma tun da na fara sai na faɗa.

Kina da doka guda wadda ba ki yarda a taka ba: ba a gaya wa mutum. Abin da aka kai gaban Allah, an kai ke nan. Kin sha ce mana, "Wanda ya shigar da ƙara gaban alƙali ba ya fitowa ya tsaya yana roƙon masinja." A ganinki, in kin buɗe baki kin ce wa ɗan Adam ba ki da wurin kwana mai kyau, kamar kin ce Ubangiji ya yi jinkiri ne. Saboda haka ba wanda ya taɓa shiga ɗakinmu. In matan zumunta, wato ƙungiyar matan cocinmu, sun zo gaishe ki, a bencin gaban shago kike tarbarsu, ki sa ni in ja ƙofar baya. Ranar Lahadi kuwa, duk cocin ba wanda ya kai mu kyan guga. Kayanmu tsofaffi ne, amma karin da ke jikinsu kamar zai yanka hannu. Uwar zumunta, shugabarsu, ta taɓa shafa kafaɗata ta ce, "Ku kam kun dace da uwa, ba ku da matsala." Na yi murmushi kamar yadda kika koya mana. Sana'arki ce ta rufa mana asiri, kuma ita ce ta rufe wa mutane ido.

Bara ikilisiya ta gama gina ɗakuna biyu a bayan coci, domin gwauraye da waɗanda ba su da matsuguni. Bayan wa'azi Fasto ya ce duk wanda ya san yana cikin wannan hali ya miƙe tsaye, ba abin kunya ba ne, dattawa za su duba. Inna, ni da ko sunana ba na iya faɗa da ƙarfi, ran nan na ji ƙafafuna suna neman tashi da kansu. Kika ɗora tafin hannunki a kan gwiwata. Hannun nan da dutsen guga ya mayar kamar katako. Ba ki kalle ni ba, idonki na gaba, kika danne ni har aka ce a zauna.

A hanyar komawa na yi abin da ban taɓa yi ba, na yi miki musu.

"Inna, in wannan ce amsar fa? In ta nan ya aiko?"

"In ta nan ce, ya san lambar bencinmu. Zai sa su zo su same mu."

"Ta yaya za su zo alhali ba su sani ba?"

Muka yi 'yar tafiya. Sannan kika ce, "Kin ga waɗanda suka tashi? Gwaggo Tsawa a rumfar kasuwa take kwana, ruwa na dukanta. Mu muna da rufi. Namu yana zuwa, 'yar littafi. Wanda ya ciyar da mu jiya bai yi tafiya ba."

Gwaggo Tsawa tsohuwa ce mai sayar da tsintsiya, muryarta ta ja mata sunan. Ba ma shiri kuke yi ba, ta sha yi miki faɗa wai kin zauna mata a wuri. Ita aka ba ɗaki ɗaya, wata makauniya da jikarta suka samu ɗayan. Da aka sanar, kin fi kowa tafi.

Har yanzu na kasa rarrabewa, Inna. Wane ɓangare na shirun nan bangaskiya ne, wane tausayi ne, wane kuma kunya ce irin ta wanda bai saba miƙa hannu ba? Na juya abin na juya, sai in ga duk a cakuɗe suke, kamar wankin da aka haɗa fari da mai zuba.

Da damina ta kama, tarin da kika daɗe kina yi ya canja murya. Da can sai da safe, sai ya koma ba dare ba rana. Kina guga kina dafa tebur. Kika rame har zanenki yana zagaye ki ya yi saura. Mai shago ne ya matsa, ya sa ki a motarsa ya kai ki asibiti. Likita ya saurari ƙirjinki ya daɗe, sannan ya ce, "Mama, a ina kike kwana?"

Kika ce, "A hannun Ubangiji."

Ya ce, "Na yarda. To hannun nan, akwai danshi a cikinsa?"

Kika yi dariya har tari ya sarƙe ki. Ya ce dole ki rabu da hayaƙin gawayi, ki rabu da wuri mai sanyi. Ina tsaye a bayanki, na san in kin bar gawayi kin bar aiki, in kin bar aiki mun bar ɗaki. Kika karɓi magani muka koma, washegari kika hura wuta.

Komawarki ta biyu asibiti, ba ki fito ba. An ba ki gado a jikin bango. Wata rana da na kawo miki ruwan zafi, na tarar kin manna tafin hannunki a bangon kina shafawa a hankali. Kika ce, "Zo ki ji. Busasshe ƙarau." Kina murmushi kamar yarinyar da aka yi wa sabon ɗinki. Na fita waje na yi kuka a bayan tankin ruwa. Duk shekarun nan na durƙuso a kan kwali, bangon asibiti ne busasshen bango na farko da kika kwana a jikinsa.

Kin gane na yi kuka. Kika ce, "Kada ki yi fushi da Ubangiji. Ni ban yi ba." Kika ce in kula da Auta, kada in bari a raba mu. Wannan ce magana mai tsawo ta ƙarshe da muka yi.

Ranar da matan zumunta suka zo gaisuwa, ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya. Bencin gaban shago bai ɗauke su ba, kuma babu ke balle ki ce a ja ƙofa. Suka shigo ɗakin. Waƙar da suka taho da ita a baki ta mutu a bakin ƙofa. Uwar zumunta ta kai hannu ta taɓa bangon, ta duba tafinta, ta dube ni.

"Nan kuke kwana?"

Na gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun da muka zo."

Ba wadda ta zauna. Gwaggo Tsawa ce ta fara magana, kuma da ke take yi, kamar kina tsaye a wurin. "Mai Guga, kin cuce mu. Kin zauna kusa da ni shekara da shekaru kina ƙamshin sabulu, ashe a rijiya kike kwana. Kin hana mu lada, kin bar mu da kunya." Tana faɗa tana share hawaye da bakin zane.

A wurin binne ki Fasto ya ce yanzu kin shiga gidan da ba hannun mutum ya gina ba, inda babu tari, babu mai cewa ki tashi. Na gaskata, Inna, da dukan zuciyata. Amma ina tsaye a bakin kabarin ina cewa a raina, ai ba shi kaɗai ta roƙa ba. Ta roƙi mai taga, a nan, tare da mu. Allah ya gafarta mini in tunanin nan saɓo ne.

Bayan kwana kaɗan mai shago ya kira ni. Ba mugu ba ne, kowa ya ga ɗawainiyar da ya yi da ke. Ya kasa haɗa ido da ni. Ya ce kayan mutane sun taru, ya samu sabon mai guga, kuma mutumin zai zo da iyalinsa ƙarshen wata. Kawu ya zo ya yanke shawara: Auta ta bi shi, ni kuma a kai ni wani gari wurin wata 'yar uwar matarsa in riƙa taya ta aikin gida. Ya ce gidansa ba zai ɗauki biyu ba, kuma gaskiya ya faɗa, na san gidan. Ya ƙara da cewa maganar ta tsaya a cikin dangi, kada a ji mu a bakin mutane. Matan zumunta kuwa sun ɗauka Kawu zai kwashe mu duka, shi ya sa hankalinsu ya kwanta.

Sai na ga kin bar mini umarni biyu da ba za su zauna a tukunya ɗaya ba. Kin ce kada a gaya wa mutum. Kin ce kada in bari a raba mu. Na durƙusa na yi addu'a yadda na iya, ban ji murya ba, ban yi mafarki ba, ba kuma wanda ya ƙwanƙwasa ƙofa kamar yadda ake yi a littafi. Wata kuwa yana ta ƙarewa, Auta ta daina cin abinci, duk inda na sa ƙafa tana riƙe da gefen zanena.

Ranar Lahadin ƙarshe, bayan an tashi sujada, na tsaya a gaban uwar zumunta. Bakina ya motsa amma ita ba ta ji komai ba, ta sunkuyo tana cewa, "Na'am, 'yata?" Gwaggo Tsawa na gefe tana ɗaure ɗankwali, ta daka mini tsawa: "Ɗaga murya, yarinya! Gadon shirun za ki ci ke ma?"

Na ce, "Ƙarshen wata ba mu da wurin kwana. Za a raba ni da Auta."

Da ƙarfi ya fita, har waɗanda suka kai bakin ƙofa suka juyo. Uwar zumunta ta riƙe ni, ta ce ɗakunan duka da mutane a ciki, amma za ta kai maganar gaban dattawa su zauna.

Gwaggo Tsawa ta ce, "Su zauna, Allah ya ba su kujera mai laushi. Kafin su tashi yaran nan sun watse." Ta juyo gare ni. "Ki ji da kyau. Ina minshari. Ina faɗa. Ba na son a taɓa mini kofi. In za ku iya, ku kwaso tsummokaranku."

Muka kwaso, Inna. Ɗakin ƙarami ne, in mun shimfiɗa katifa sai an tsallake mu kafin a kai ƙofa, kuma duk abin da Gwaggo ta faɗa game da kanta gaskiya ne har da ƙari. Ba namu ba ne. Gwaggo ta tsufa, kuma dattawa ba su ce komai ba tukuna game da ranar da babu ita. Amma a bushe yake, kuma ba a raba mu ba. Shi ne ɗakin da kika danne gwiwata a kansa. Ban sani ba ko shirunki Ubangiji ya amsa, ko muryata, ko kuwa tun farko jira yake ɗayanmu ta buɗe baki. Na tambayi Gwaggo, ta ce ita ba sakatariyar Allah ba ce, in tashi in ɗebo ruwa. Abin da na sani shi ne, da kin kwana a nan ko damina ɗaya, wataƙila da yau ba wannan nake rubutawa ba. Wannan tunanin ba ya barina, kuma ba na jin zai bar ni nan kusa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Kawu, wanda ya rasa ƙannensa mata biyu, ya rage shi kaɗai a ɗakinsu. Kawu, ka yi haƙuri da na fitar da maganar, ba raini ba ne. Ina yi wa sauran dangi ta'aziyya, na kusa da na nesa, da matan zumunta, da mawaƙan da rigunansu za su yi kewarta, da mai shago da ma'aikatansa, da duk wanda ya taɓa sa rigar da ta bi ta hannunta. Ubangiji ya ta'azantar da mu duka, ya ba mu ƙarfin ɗaukar wannan rashi.

Ya Uba mai jinƙai, ga baiwarka ta zo. Ka san ta, kullum da safe kana jin muryarta. Ka gafarta mata kurakuranta saboda Yesu Almasihu wanda ta dogara gare shi har numfashinta na ƙarshe. Ka ba ta hutawa, ka warkar da ƙirjin nan da ya gaji. Mu da muka rage kuma, kada ka bar mu a waje.

Jiya Auta ta tsaya da cin abinci ta tambaye ni, wai in Inna ta leƙo shago ta ga wasu mutane a ɗakin, wa zai gaya mata inda muka koma? Na ce ni zan gaya mata.

Inna, muna bayan coci, ƙofa ta biyu, wadda tsintsiya ke jingine a bakinta. Muna tare. Ki huta lafiya, sai mun zo. Amin.